Shirun Wayar Nasiru

Shekara huɗu da wata bakwai kwamfutar nan ta yi tana aiki a wani ɗan ɗaki bayan ɗakin magani, ba ta taɓa sa kowa ya ɗaga murya ba. Laifinta ke nan, domin a garin nan abin da bai taɓa ba ka wahala ba shi ake fara rainawa. Asibitin haihuwa ne ƙarami a unguwar Television, na Dakta Esther, gado goma sha biyu da ɗakin tiyata ɗaya. Kwamfutar kuwa ita ce saba, uwar sauran kwamfutocin gidan, mai riƙe da sunan kowace mai ciki da sakamakon gwajinta. Mai kula da ita Jethro ne, dattijo ɗan shekara hamsin da tara mazaunin Trikania, mutum mai tsaftar aiki da saurin hawa.

A cikin duk ayyukan sabar, wanda Jethro ya fi ji da shi shi ne aika saƙo. Asibitin ba shi da ɗakin gwaji na kansa, sai a ɗebi jini da fitsari ranar awo a kai ƙetaren gada, sakamako ya dawo bayan kwana biyu. Matan kuwa daga Kakuri suke zuwa, da Makera, da Trikania, ba wadda za ta bar girki da yara ta sake hawo keke don kawai a ce mata lafiya lau. Sai Jethro ya haɗa wa sabar wani ɗan modem mai layin waya a ciki. Idan ranar awon mace ta kusa, saƙon tuni ya tafi da kansa. Idan sakamako ya zo da matsala, Sista Christy, babbar ungozomar asibitin, ta danna sunan matar, saƙon gaggawa ya tafi nan take. Yawanci lambar miji ake bayarwa, don shi ke riƙe da waya kuma shi ke cewa a tashi. Kowace Talata Christy takan tsaya gaban bencin awo ta maimaita musu magana ɗaya har suka haddace ta: in kun ji shiru ku gode wa Allah, lafiya ce, in da matsala waya za ta yi ƙara.

A kan wannan alkawarin Jethro ya jawo Nasiru. Nasiru mai walda ne a Makera, shi ya yi wa ɗakin sabar ƙofar ƙarfe, kuma a lokacin wannan aikin ne suka saba har ya faɗa wa Jethro abin da ke cin ransa. Sau biyu matarsa Maryam tana kai ciki wata takwas, sau biyu jininta na hawa ba wanda ya sani, sai jijjiga ta kama ta, a ciro ɗa ba rai. Da ta samu na uku, Jethro ya ce masa ya kawo ta nan. Ya bugi ƙirji ya ce a asibitinsu matsala ba ta ɓuya, kafin ta yi ƙarfi wayarsa za ta faɗa masa. Nasiru ya yarda, ya rubuta lambarsa a katin da hannunsa. Tun daga ranar cikin Maryam ya zama kaya a kan Jethro, duk da cewa maganarsa da ita ba ta taɓa wuce gaisuwa ba.

Ana cikin haka Derrick ya zo daga Legas. Ɗan wan Dakta Esther ne, shekarunsa talatin da 'yan kai, kuma ya yi karatun kwamfuta da gaske, ba za a ce bai san aiki ba. Sai dai irin mutanen nan ne da in suka tarar da kujera a gabas, hankalinsu ba ya kwanciya sai sun mai da ita yamma. Yini ɗaya ya yi yana leƙa sabar, washegari ya sa aka kira Jethro ofishin Dakta.

Ƙarar da ya shigar ita ce babbar manhajar da ke tuƙa sabar ta tsufa. Masu yin ta, in ji shi, sun fitar da sababbi har tara bayan wannan, su kuwa suna nan zaune a baya. Da sabuwa, Dakta za ta iya duba katin mai ciki a wayarta ko tana coci. Ya juya mata allon kwamfutarsa ya nuna mata launuka, ita kuma ta gyara tabarau tana murmushi.

Jethro ya haɗiye abin da ya taso masa, ya yi bayani a tsanake, irin tsanakin da ake jin zafinsa daga nesa. Ya ce iri biyu masu manhajar suke fitarwa. Akwai ta gajeren zango, duk wata shida sabuwa, ta masu son gwaje-gwaje ce, kuma ba laifi ba ne mutum ya sa ta a kwamfutar ɗakinsa. Akwai ta dogon zango, wadda suka yi alkawarin riƙewa shekara biyar ba tare da sun canza mata hali ba, sai facin tsaro kawai, kuma shi bai taɓa barin facin nan ya kwana bai sa ba. Ita ce a kan sabar. Abin da ya yi aiki jiya zai yi yau, modem ɗin da ta gane bara ba za ta wayi gari ta ce ba ta san shi ba. Ya ce ya san saura wata biyar wa'adinta ya cika, shi ya sa tun Ista ya ɗora sabuwar ta dogon zango a kan wata tsohuwar kwamfuta da ke gefe yana gwada ta. Sai Disamba zai yi ƙaura, lokacin da rabin unguwa ya tafi gida Kirsimeti, Zonkwa da Kagoro da Kafanchan, bencin awo ya yi sauƙi.

Dakta ta tambaye shi ko dole ne sai an jira har haka. Nan ya kawo maganar masaƙa, kuma da ya sani da bai kawo ba. Shekara goma sha takwas ya yi yana aikin lantarki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, kafin ta rufe ya koma koyon kwamfuta da furfurarsa. A can doka ce, injin da ke kan saƙa ba a taɓa shi sai zuba mai da ɗaure noti. Duk wani babban canji sai hutun ƙarshen shekara, a tsai da komai, a kwance, a haɗa, a gwada da zaren banza kafin a sa na kasuwa. In ka canza wa inji saiti ana tsakiyar aiki, yadi dubu zai fito da aibi kafin ido ya kama.

Derrick ya yi dariya ya ce, "Baba Jethro, nan fa ba masaƙa ba ce. Kuma masaƙar taku ina take yanzu? Awaki ke kiwo a ciki."

Maganar ta samu Jethro a inda ba ya so a taɓa. Mutum dubu nawa suka ci abinci a gidan saƙar nan, nawa suka mutu suna jiran a sake buɗe shi, ga wanda ko ƙarar injin bai taɓa ji ba ya mai da shi abin barkwanci. Ya miƙe har kujera ta faɗi. Ya ce wa Derrick ba masu riƙe inji ne suka kashe masaƙa ba, masu zuwa da fararen riguna ne waɗanda ba su taɓa riƙe sifana ba. Ya ƙara da wasu maganganun da ba a faɗa wa ɗan mai gida a gaban mai gida. Dakta Esther da farko a tsakiya take, fushin Jethro ne ya tura ta ɓangaren ɗan nata. Ta cire tabarau ta ce a gwada na Derrick.

Asabar da Lahadi ya yi aikin, kuma gaskiya ɗaya ce, aikin ya yi kyau. Ranar Litinin komai na tafiya, saƙo na fita, Dakta na ta latsa wayarta kamar wadda aka saya wa sabon zane. Jethro ya tsaya ya ga saƙo ya fita da idonsa, kuma wannan ya ƙara masa haushi. Tsohuwar kwamfutar da yake gwaji a kai, wata uku na aikinsa, Derrick ya goge ta ya kai teburin karɓar baƙi. Ya canza lambar sirrin sabar bai ba shi ba. Ya saita ta ta riƙa ɗauko duk wani sabon abu da kanta kowace Juma'a, ya ce daga Legas zai riƙa duba ta.

Abin da ya fi ci wa Jethro rai ƙarami ne a idon kowa. Tun ranar da ya haɗa modem ɗin ya sa sabar ta riƙa aiko masa da saƙo a wayarsa kullum ƙarfe bakwai na safe, kalma biyu kacal: ina nan. Daga masaƙa ya ɗauko wannan ma, inda ake busa jiniya kafin kowane shifti, ba don wani abu ya faru ba sai don a san jiniyar na da rai. In saƙon ya shigo yana shan shayi, ya san hanya a buɗe take. Derrick ya cire shi. Ya ce aikin tsofaffi ne, yanzu akwai allo, duk saƙon da ya tafi yakan yi kore. Ya tattara ya koma Legas, aka bar wa Jethro firinta da batiran sola.

To fa sai Jethro ya naɗe hannu. Ya ce su ƙarata can. Da safe ya zo ya gaida kowa a taƙaice, ya duba ruwan batir, ya zauna ya sha mur har lokacin tashi. A gida matarsa ta gaji da jin sunan Derrick, ta ce masa ya sauke girman kai ya roƙi lambar sirrin ko don ya riƙa leƙawa. Ya ce shi da ya haifi kamar Derrick ba zai roƙi mabuɗin ɗakin da ya gina ba. A ransa kuwa, in za a faɗi gaskiya, jira yake abin ya lalace a zo a durƙusa masa. Sai dai lalacewar da yake hangowa irin mai ƙara ce, allo ya mutu, Dakta ta ruɗe, a aiko a kira shi.

Juma'a uku suka wuce lafiya. Bayan ta huɗu, Talatar da ta biyo, bencin awo ya zo rabi. Maryam na cikin waɗanda suka zo, don Nasiru ba ya wasa da ranar da aka rubuta a kati. Aka ɗebi jininta da fitsarinta, aka ce ta dawo bayan wata ɗaya sai dai in saƙo ya kira ta kafin nan. Christy ta ɗora ƙarancin mutane a kan ruwan sama, ta ce hanyar Kakuri ta zama kogi. Talata ta gaba ma haka, ta bayanta ma haka, har a ranar da ko ɗigo ba a yi ba. Jethro ya lura. Mutumin da ya yi shekara goma sha takwas yana sauraron inji ba ya rasa jin inda sauti ya canza. Ya je ya tsaya a bakin ƙofar ƙarfen yana kallon ɗan hasken modem ɗin, wanda da yakan yi ta ƙyaftawa duk safiya, yanzu kuwa ya tsaya cak. Ya ce a ransa wataƙila sabon tsarin haka yake. Ya ce in ya yi magana za a ce tsoho na baƙin ciki. Ya ja tsaki ya koma wurin batiransa.

Ranar Laraba ya je kasuwar Kakuri sayen fis na lantarki, sai ga Nasiru a kan babur da sandunan ƙarfe ɗaure a baya. Ya taka birki ya sauko, suka gaisa da fara'a. Ya ce Maryam ta shiga wata na takwas, ƙafafunta sun ɗan kumbura, takan yi ciwon kai jefi-jefi, amma ai masu ciki ba sa rabo da irin wannan. Ya dafa aljihun gaban rigarsa inda wayar take. Ya ce sati biyu ke nan da ɗibar jinin, bai taɓa barin cajinta ya ƙare ba, ko walda yake tana jikinsa, ko salla zai yi a gabansa yake ajiye ta.

"Shiru dai har yanzu, Baba. Alhamdu lillahi. Wannan karon kamar Allah ya dube mu."

Wani abu ya soki Jethro a ƙirji. Maganar ta zo har bakinsa, ya ce masa ya kawo ta gobe ko da saƙo ko babu. Amma in ya faɗi haka sai ya faɗi dalili, sai ya ce wa wannan mutumin da ya yarda da shi cewa an ƙwace aikin daga hannunsa, yanzu shi mai duba ruwan batir ne, kuma ƙirjin da ya buga masa a banza ya buga. Ga mutane na wucewa, ga mai keke na yi musu hon su matsa. Jethro ya ce, "Madalla." Suka yi sallama, Nasiru ya hau babur ɗinsa ya tafi yana murna.

Talatar da ta biyo, wajen ƙarfe goma na safe, ruwa ya ɗauke ke nan, wani keke ya shigo harabar asibitin da gudu har ya kusa dukan tukunyar fure. Jethro na tsugune yana ciro takarda da ta maƙale a firinta, ya ɗago ya ga Nasiru ɗauke da Maryam a hannu, shi da wata maƙwabciyarsu. Idanunta sun juye, jikinta na karkarwa, jini na bin gefen bakinta inda ta tauna harshe. Matan da ke benci suka miƙe. Aka wuce da ita ciki, aka yi mata allura, Dakta Esther ta ce a shirya ɗakin tiyata.

Christy ta fito ɗauko bayanan Maryam a kwamfuta, ta duba allo, ta juyo kan Nasiru ido rufe. Ita ma tana da nata fushin, kuma ta daɗe tana tara shi. Tun kwana biyu bayan awon sakamako ya dawo da mummunan labari, ta danna saƙon gaggawa, ya yi kore. Da ba su zo ba ta sake dannawa bayan kwana uku, ta kuma sakewa a sati na gaba. Ta ɗauka taurin kan maza ne, ko sun canza asibiti. Ba ta ɗaga waya ta kira ba, kuma ba wanda ya ce ta kira, domin shekara huɗu da wata bakwai ba a taɓa bukatar hakan ba.

"Malam Nasiru, sau uku na turo maka. Me kake so mu yi, mu zo Makera mu ɗauko ta da kanmu? Kai da ka binne biyu?"

 Nasiru ya ciro wayar, ya buɗe wurin saƙonni ya miƙa mata. Na ƙarshe daga asibitin tunin awo ne na sati bakwai da suka wuce. Christy ta duba wayar, ta duba allo, ta sake duba wayar.

Jethro ya miƙe ya ce ta kira masa Derrick. Ta kira. Daga can Derrick ya ce ba zai yiwu ba, ga allon a gabansa, komai kore ne, wataƙila kamfanin layin ne ko wayar mutumin. Jethro ya fizge wayar daga hannun Christy.

"Derrick, matar mutum na kan tebur za a yanka ta. Ka ba ni lambar sirrin nan yanzu, in ba haka ba in ɗauko guduma in fasa akwatin in ciro abin da ke ciki da hannuna."

Derrick ya karanto masa lambar. Jethro ya shiga ɗan ɗakin ya jawo ƙofar da Nasiru ya ƙera, ya zauna a kujerar da ya yi sati bakwai bai zauna a kai ba.

Minti goma bai cika ba ya gano. Sabuntawar Juma'a ta huɗu ta canza sunan da babbar manhajar ke kiran modem da shi. Shirin aika saƙo yana ta neman modem da tsohon suna, bai same shi ba, sai ya riƙa jera saƙonnin a layi suna jira. Koren allo kuwa ma'anarsa an miƙa saƙo layi, ba wai ya bar gidan ba. Jethro ya san wannan raunin tun ran farko, shi ya sa ya yi wa kansa saƙon ƙarfe bakwai. Masu manhajar ma ba su ɓoye ba, sun rubuta canjin a fili a cikin bayanan da suka fitar, don irin wannan canje-canjen ne ake yin ta gajeren zango. Ba wanda ya karanta. Na'ura ta ɗauko, na'ura ta sa, mai dubawa yana Legas yana kallon kore.

Ya ƙirga abin da ke layi. Saƙo ɗari biyu da goma sha huɗu. Yawancinsu tunin awo ne, amma na mata goma sha ɗaya na gaggawa ne, mata goma sha ɗaya suna can a Kakuri da Makera da Trikania, mazansu na dafa aljihu suna gode wa Allah a kan shiru. Jethro ya ji kansa ya yi zafi har ganinsa ya dushe. Ya faɗa wa Derrick, wanda har yanzu yake kan layi, abin da ya gani, ya faɗa masa adadin. Derrick ya ce a hankali, "Baba, wallahi ban sani ba." Jethro ya ce ai matsalar ke nan, ya kashe wayar.

Gyaran layi ɗaya ne. Suna ɗaya ya goge ya rubuta wani. Wannan ya fi komai ƙona masa rai, a ce abin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba ya toshe bakin asibiti kwana ashirin da biyar. Da ta dogon zango ce, da canjin nan sai ya jira shi har Disamba a kan kwamfutar gwaji, ya ci karo da shi shi kaɗai, ya yi tsakinsa, ya gyara, ba wadda za ta ko ji labari. Ya tuna da matan nan goma sha ɗaya, ya ga ba lokacin tsayawa tantance wane saƙo ne ya wuce lokacinsa. Ya saki layin gaba ɗaya. Ɗan hasken modem ya fara ƙyaftawa kamar da.

Ya daɗe zaune yana kallonsa, yana ganin adadin na raguwa. Ya kashe sabuntawar Juma'a, ya mai da saƙonsa na ƙarfe bakwai. Kuma abin kunya, a wannan zaman wani daɗi ya ɗan ratsa shi, daɗin wanda maganarsa ta tabbata. Ya shiga tsara abin da zai faɗa wa Dakta Esther, kalma bayan kalma, har da maganar awaki. Da wannan a bakinsa ya buɗe ƙofa ya fito.

Barandar ta yi tsit. Dakta na tsaye jingine da bango, hular tiyata a hannunta, ba ta kallon kowa. Christy ta taro shi ta faɗa masa a hankali cewa Maryam na da rai, an shawo kan jijjigar, amma yaron ya riga ya tafi kafin a kai gare shi. Namiji ne. Nasiru na zaune a ƙarshen benci, a cinyarsa ga wani ɗan ƙunshi a naɗe cikin zanen Maryam, ya riƙe shi da hannu biyu yana jiran 'yan'uwansa su zo a tafi a yi masa sutura. Duk maganganun da Jethro ya tsara suka zube.

Sai wayoyi suka fara ƙara. Ta wata mata a benci ta yi, ta maƙwabciyarta ta yi, suna dubawa suna mamakin tunin awon da ya wuce tuntuni. A lokacin ne Jethro ya tuna abin da ke cikin layin da ya buɗe, ya yi taku ɗaya zai koma ɗakin, amma ya san ya makara. Aljihun gaban rigar Nasiru ya yi ƙara. Ya sake yi. Ya yi na uku.

Nasiru ya gyara ƙunshin a hannu ɗaya, ya ciro wayar da ɗayan. Ya karanta a hankali, leɓensa na motsi. Jethro bai bukaci ya gani ba, shi ya rubuta kalmomin da kansa shekaru huɗu da suka wuce, har Christy na ce masa sun yi tsauri: ka kawo matarka asibiti yau, ba gobe ba, gwajinta ya nuna matsala.

Nasiru ya ɗago ya nemi Jethro da ido har ya same shi. Babu faɗa a fuskarsa, da akwai ma da ya fi sauƙi.

"Baba, ya shigo," in ji shi. "Na yaushe ne?"

Jethro ya ce na farkon na kwana goma sha tara ne.

Nasiru ya yi lissafi. Sannan ya ce, "Ranar da muka haɗu a Kakuri, yana nan ke nan?"

Jethro ya duba Dakta, ya duba ƙofar ƙarfen, ya rasa wanda zai ɗora wa wannan. Sati bakwai yana ɗauke da fushi kamar buhun siminti, yau da ya fi bukatar inda zai sauke shi, ba kowa a wurin sai shi.

"Yana nan," in ji Jethro. "Kuma na yi zargin haka, ban faɗa maka ba."

Nasiru ya gyaɗa kai. Ya kashe wayar gaba ɗaya, ya ajiye ta a kan benci, ya mai da hannunsa na biyu ƙarƙashin ɗansa.